Shebur, Ganga ko Sanda: Zaɓen Ƙirar Mutum-mutumin Faɗa ga Mai Farawa a Kumasi

Duk wanda ya ƙudurta ƙera mutum-mutumin faɗa, wato ƙananan na'urorin nan da ake tuƙawa da rimot ana haɗa su karo a cikin keji har ɗaya ta kasa motsi, abin da zai fara ɗaure masa hannu shi ne sikeli. Kowace gasa tana da iyakar nauyi, kuma a cikin wannan iyaka ne za a raba wa makami rabonsa, a raba wa sulke, a raba wa tayu da injinansu, a bar wani abu ga batir. Abin da aka ƙara wa ɗaya, daga bakin wani aka ƙwace shi. Saboda haka babu ƙirar da ba ta da rauni, illa dai mai ƙira ya zaɓi raunin da zai iya zama da shi, wanda kuma aljihunsa da kasuwar garinsu za su iya yi masa magani bayan kowane wasa.

Wasan ya samo asali ne a Amurka, inda Marc Thorpe ya shirya gasar Robot Wars ta farko a San Francisco a 1994. BBC ta mai da shi shirin talabijin a Ingila daga 1998, BattleBots kuma ta biyo baya a Amurka daga 1999. Na'urorin da matasa ke gani a YouTube, masu nauyin kilo 113, su ne ke jawo sha'awa, amma yawancin masu wannan wasa a duniya ƙanana suke ƙerawa: akwai ajin giram 150 da ya fi yaɗuwa a Ingila, da ajin giram 454, da ajin kilo 1.36 wanda wasu gasanni suka cike shi zuwa kilo 1.5, da na kilo 5.4, sai na kilo 13.6. Gana ba baƙuwa ba ce a harkar mutum-mutumi, domin 'yan matan makarantar Methodist ta Mamfe sun ciyo gasar Robofest ta duniya a jihar Michigan a 2019. Sai dai waccan gasa ta tsara umarni ce da warware matsala, inda na'ura ke komawa gida lafiya, alhali a wasan karo an shiga ne da sanin cewa wani abu zai karye. Ga matashin Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango a Kumasi, ajin giram 454 da na kilo 1.36 su ne suka dace a yi magana a kansu, kuma a kansu wannan kwatanci ya fi karkata.

Ƙungiyar RioBotz ta wata jami'a a Rio de Janeiro ta ƙasar Brazil, wadda ta ƙera shahararriyar na'urar nan Minotaur, tana da wani ma'auni na raba nauyi: kashi 30 cikin ɗari ga tuƙi, kashi 30 ga makami, kashi 25 ga gangar jiki da sulke, kashi 15 ga batir da kayan lantarki. A na'ura mai giram 1,360 wannan yana nufin kimanin giram 408 ga makami da injinsa da abin da ke riƙe shi, sannan giram 340 kacal ga dukan jiki da sulkensa. Wanda ya ajiye makami gaba ɗaya ya sami giram ɗari huɗu na banza da zai zuba a tuƙi da kariya. Daga nan ne ƙirori suka kasu gida biyu, kamar yadda fagen gargajiya ya kasu tsakanin 'yan dambe masu neman kisa da naushi guda da 'yan kokawa masu neman kama ƙugu su kai mutum ƙasa.

Mafi sauƙi a ɓangaren masu kamu ita ce mai shebur, wadda gabanta ya yi gangare har ya taɓa ƙasa, aikinta ta shige ƙarƙashin abokiyar karawa, ta ɗauke tayunta daga ƙasa, ta tura ta bango ko rami. Ƙarfinta a bayyane yake: inji biyu ko huɗu na tuƙi kawai take buƙata, babu abin da ke juyi da zai fasa ta daga ciki, kuma gangaren gabanta yana zamar da bugun makamin abokiyar karawa ya wuce sama. Rauninta kashi biyu ne. Na farko, ba ta iya gama wasa da kanta sai in kejin yana da rami, don haka yawanci sai an cika minti uku an koma ga alƙalai, su kuwa alƙalai suna duba ɓarna da kai hari da iko da fage, kuma a ɓangaren ɓarna ba ta da abin nunawa. Wasu gasanni, ciki har da BattleBots, ba su ma karɓar na'urar da ba ta da makami mai aiki. Na biyu, idan masu shebur biyu suka haɗu, wadda bakinta ya fi kusa da ƙasa ita ke da wasa, ko da bambancin bai kai kaurin takarda ba. Abin da ya sa ake ɗaura shebur a kan hinji ke nan domin ya riƙa jan ƙasa da nauyinsa, ko a maye gurbinsa da 'yan yatsu biyu ko uku na ƙarfe masu tsini. Yatsun sun fi shebur shiga ƙarƙashi, amma suna maƙalewa a duk wata tsaga da ke daɓen keji, kuma sanda mai juyi a kwance tana fizge su cikin sauƙi.

Idan aka sa wa shebur ɗin inji mai ɗaga shi, irin wanda ake kira sarbo a jiragen wasa, an sami mai ɗagawa, kuma a ganina nan ne mai farawa ya fi cin riba. Ta cika sharaɗin makami mai aiki, tana iya kifar da abokiyar karawa, kuma hannun nan shi zai miƙar da ita idan aka kifar da ita. Inda take karyewa sananne ne: haƙoran giyar da ke cikin sarbo. Idan bugu ya sauka a kan hannun ɗagawa, ƙarfinsa yana bi ta hannun ya sauka kai tsaye a kan waɗannan ƙananan haƙora, shi ya sa ake neman mai giyar ƙarfe, ake kuma sa wani abu mai lanƙwasa tsakanin hannun da injin. Babu wanda zai raina wannan ƙira idan ya tuna cewa Bite Force, ta Paul Ventimiglia, ta ci kofin BattleBots na 2015 ne a matsayin mai kamu da ɗagawa, kuma Tombstone mai ƙatuwar sanda ta doke a wasan ƙarshe.

Mai cillawa, wadda ke amfani da iskar gas da aka matse ta wurgar da abokiyar karawa sama, ita ce ta yi suna a Ingila, inda Chaos 2 ta ci kofin Robot Wars sau biyu a jere. Tana buƙatar tulun gas da bawul da bututu masu jure matsi, adadin cillawarta ƙidayayye ne gwargwadon gas ɗin da ta ɗauko, kuma a ƙananan azuzuwa waɗannan kaya suna cinye nauyi. Haka mai guduma, wadda bugunta ke ɗaga ita kanta daga ƙasa fiye da yadda yake huda abokiyar karawa, da mai muƙamuƙi irin Razer, wadda matsarta ke da ƙarfi amma a hankali take. Ukun nan duka aikin wanda ya riga ya goge ne.

A ɓangaren masu bugu, makami abu ne mai nauyi da inji ke juyawa har ya tara ƙarfi, sannan ya sauke shi gaba ɗaya a lokacin karo. Lissafinsa yana da muhimmanci domin yana ruɗin mutane. Ƙarfin da aka tara yana ƙaruwa daidai da nauyi, amma idan aka ninka gudun juyi sau biyu, ƙarfin yana ninkuwa sau huɗu. Sandar ƙarfe mai giram 300 da tsawon santimita 15, idan tana juyi 10,000 a minti, bakinta yana gudun kusan kilomita 280 a awa, kuma ƙarfin da ke cikinta ya yi daidai da na buhun siminti mai kilo 50 da ya faɗo daga tsayin santimita 60, sai dai duka zai sauka ne a wuri ƙarami kamar kan yatsa. Ganin haka sai mai farawa ya ɗauka cewa ƙara gudu shi ne komai, alhali akwai abin da masu wasan ke kira cizo, wato zurfin da abokiyar karawa za ta shigo cikin da'irar makami kafin haƙori ya same ta. Idan na'urori biyu suna tunkarar juna da gudun mita 2 a daƙiƙa, makami mai haƙori biyu yana juyi 10,000 a minti, haƙori yana wucewa kimanin sau 333 a daƙiƙa, don haka cizon bai wuce milimita 6 ba. A ninka gudun zuwa 20,000, cizo ya koma milimita 3, sai ka ga makami yana ta ƙara yana fid da tartsatsi yana gogar sulke kawai kamar injin wasa wuƙa. A mai da shi haƙori ɗaya da ma'aunin nauyi a ɗaya gefen, cizo ya ninka. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin fayafayan makamai masu siffa karkatacciya, haƙori guda a gefe ɗaya da tudu a ɗaya gefen, kuma su ne suka fi wuyar daidaitawa a wurin mai sassaƙa ƙarfe.

Mai juyi a kwance, ko sanda ce ko faifai, ita ce ta fi kowace isa nesa da faɗin bugu, tana cire tayu tana yage kusurwoyi. Hypno-Disc ta firgita masu kallo da ita a Ingila, Tombstone ta Ray Billings kuma ta ci kofin BattleBots na 2016. Aibinta shi ne duk bugun da ta kai, kwatankwacinsa yana dawo mata, kuma da yake a kwance bugun yake, babu abin da zai tare ta sai tayunta, sai ka ga na'urorin biyu sun watse kowace ta nufi bangonta. A wannan watsewa ne boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ke sauƙaƙa juyi, ke fashewa, sandar da makami ke juyi a kanta ta lanƙwashe, wayar batir ta zare. Sau da yawa irin wannan na'ura ita ke kashe kanta. Idan kuma ta gamu da shebur mai kauri da ƙwararren matuƙi da ke afka mata tun kafin makaminta ya ɗauki gudu, bugunta yana zamewa sama ya jefa ta cikin iska. Wadda ke juya dukan ƙoƙon jikinta ta fi wannan tsanani ta kowace fuska: nauyi mai yawa a makami, jinkiri wajen ɗaukar gudu, matuƙi bai cika gane inda gabanta yake ba, kuma idan ta kife yawanci wasa ya ƙare.

Mai juyi a tsaye ta warware babbar matsalar nan ta dawowar bugu, domin makaminta daga ƙasa yake bugowa zuwa sama. Abokiyar karawa tana tashi sama, ita kuwa martanin bugun yana danna ta ne a ƙasa, daɓe ya shanye. Wannan ya sa ta mamaye manyan gasanni a shekarun baya-bayan nan: Bite Force da kanta ta koma wannan ƙira ta ci kofin 2018 da na 2019, End Game ta ƙasar New Zealand ta biyo bayanta. Amma tana da nata ciwon. Abu mai juyi da gudu ba ya son a karkata shi, saboda haka idan matuƙi ya yi kwana da sauri makami na cikin gudu, gefe ɗaya na na'urar yana ɗagawa, wani lokaci har ta kife. Maganinsa faɗaɗa jiki da rage girman faifai, ko matuƙi ya koyi sassauta makami kafin kwana. Sannan dole ta ci yaƙin ƙasa kafin makaminta ya yi amfani, wato ita ma tana buƙatar shebur ko yatsu da za su ɗora abokiyar karawa a kan haƙori. Gefunanta da bayanta kuwa a buɗe suke ga sandar kwance.

Mai ganga 'yar'uwar wannan ce, sai dai makaminta gajere ne mai faɗi, kamar bututu mai kauri da haƙora a jikinsa, a kwance a gaban na'ura. Da yake faɗin da'irarsa kaɗan ne, dole ya yi juyi da gudu sosai kafin ya tara ƙarfi, kuma mun ga abin da gudu ke yi wa cizo. A madadin haka, gangar ita kanta sulke ce ga gaba, na'urar tana fitowa gajera dunƙulalliya, tana da wuyar karyawa, kuma sau da yawa tana iya tafiya ko a kife. Ga wanda ke Kumasi tana da wata fa'ida ta daban: abu ne da mai injin sassaƙa ƙarfe a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, zai iya fitarwa daga guntun bututu ko curin alminiyam, a huda ramuka a ɗaura manyan kusoshi masu tauri su zama haƙora, idan sun dakushe a kwance a sa wasu. Abin da za a tsaya a kansa da masta shi ne daidaito, domin bambancin giram biyu ko uku tsakanin gefe da gefe, a juyi dubu goma, ya isa ya sa na'ura rawa ta kwance wa kanta noti. A gwada ta a kan sandarta da hannu: idan kullum gefe guda ne ke komawa ƙasa bayan ta tsaya, ba ta daidaita ba.

Ko wane makami aka zaɓa, na'urar da ta daina motsi ana ƙirga mata goma a fitar da ita, don haka tuƙi ya fi makami muhimmanci. Taya biyu sun fi sauƙi da arha da saurin kwana, amma gaba yana ɗagawa idan aka taka da ƙarfi, kuma cire taya ɗaya ya gama da ita. Taya huɗu sun fi turi da tafiya miƙe, kuma za a iya rasa ɗaya a ci gaba da wasa, sai dai nauyi da kuɗi sun ninka. Tayun da ke waje sun fi sauƙin canzawa kuma ba a cika maƙale na'urar a kan wani abu ba, na ciki sun fi tsira, amma idan sulken da ke kare su ya lotsa shi ne zai danne su. A ajin giram 454 ƙananan injinan nan masu giya da ake kira N20 su ne gama-gari, kuma giyarsu tana zubewa idan aka ɗaura taya kai tsaye ta sha bugu, sannan ƙurar hunturu tana shiga cikinta domin a buɗe take. A ajin kilo 1.36 sun yi ƙanƙanta, sai an nemi waɗanda suka fi su. Injin makami kuwa galibi marar burushi ne, irin na jirage marasa matuƙi, kuma ya fi aminci a haɗa shi da makami ta hanyar bel mai ɗan zamewa, domin bel ɗin ya shanye girgizar da in ba haka ba za ta farfasa maganaɗisun cikin inji. Injin waifa na mota, wanda ke ko'ina a Suame, yana da ƙarfi amma nauyi da rashin gudu sun yi masa yawa. Injin na'urar huda mai batir ya fi shi dacewa, shi ma sai a ajin kilo 5.4 ko 13.6.

Game da sulke, kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar tauri a matsayin ƙarfi. Ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi kusan sau uku, ya ninka robar HDPE kusan sau takwas, ke nan nauyin farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1 zai ba ka roba mai kaurin milimita 8. Robar tana lotsawa ta shanye bugu, haƙori ya nutse a cikinta bai sami abin kamawa ba, ƙarfe siriri kuwa yana lanƙwashewa ya zauna a lanƙwashe, ko ya miƙa girgizar zuwa kayan lantarki. Wannan roba ita ce ta faifan yanka nama na kicin, ita ce kuma ta jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor, ko da yake na jarka siriri ne, ya fi dacewa da murfi ko ƙaramin aji. Gam ba ya kama ta, sai kusoshi masu zare. Bakin shebur da haƙoran makami su ne ke buƙatar ƙarfe mai tauri, kuma guntun sifirin na mota yana yin wannan aiki, da sharaɗin kada zafin walda ko na dutsen yanka ya kashe masa tauri. Titaniyam shi ne abin so a ƙasashen waje saboda bai kai ƙarfe nauyi ba kuma yana dawowa idan ya lanƙwasa, amma sai an yi odarsa. Wanda ya sami firintar 3D, wato na'urar da ke fitar da siffar abu da narkakkiyar roba, a jami'ar KNUST ta Kumasi ko wata cibiyar ƙere-ƙere, ya nemi robar TPU mai lanƙwasa, domin robar PLA da aka fi samu tana tsagewa a bugun farko.

Batirin LiPo, wani nau'in batirin litiyam mai caji, shi ne ke iya ba injin makami wutar da yake zuƙa lokaci guda. Kowane ɗaki nasa volt 3.7 ne, yana kaiwa 4.2 idan ya cika, kuma yana lalacewa idan aka bar shi ya sauka ƙasa da 3. Idan aka huda shi ko aka yi masa cajin da ya wuce kima yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa, saboda haka wurinsa tsakiyar na'ura, a naɗe da soso, ba a matse shi da kusa ba, kuma ba a barinsa a kan caji a fita, balle a shagon kwano da rana tsaka. Shigo da shi ma yana da wahala domin kamfanonin jiragen sama suna taƙaita ɗaukarsa. Batura masu lamba 18650 da ake cirowa daga tsofaffin kwamfutocin cinya suna samuwa a wurin masu gyara a Adum, kowane yana da kimanin giram 45, kuma za su iya tuƙa mai shebur ta kilo 1.36, amma ba a yi su don zuƙar wuta mai yawa ba, makamin juyi zai durƙusar da su.

Abin da ya kamata ya yanke hukunci a ƙarshe shi ne keji. Makamin juyi ba a kunna shi sai a cikin akwati rufaffe ta ko'ina har sama, mai bangon polikabonet, wato roba mai kama da gilashi mai jure bugu, domin gutsuren ƙarfe yana fita da gudun da ido ba ya gani. Gilashi ba ya yi, haka robar akirilik ta masu allunan talla, wadda ta yi kama da polikabonet a ido amma tana tarwatsewa. A yawancin lokuta kuɗin wannan akwati ya fi na na'urori biyu ko uku. Ƙungiyar matasa da ba ta da shi tukuna, zaɓinta mai shebur ne da mai ɗagawa a ajin giram 454, a kan teburin katako mai ɗan bango da rami a kusurwa, inda za a koyi tuƙi da liƙa waya da dalma da saita rimot yadda komai zai tsaya cak idan sadarwa ta yanke. Idan akwati ya samu, mataki na gaba mai ganga ce ta kilo 1.36 da jikin HDPE da taya a waje, saboda kusan duk abin da zai karye a jikinta ana iya sake shi tsakanin Suame da kasuwar Kejetia, ban da injin makami da allon sarrafa gudunsa, waɗanda ya kamata a yi odarsu bibbiyu tun farko tunda kaya daga Sin suna ɗaukar makonni kafin su iso. Sandar kwance ta dace da wanda ya riga ya iya gina jikin da zai jure bugun kansa, yana kuma da boris da sandar juyi na ajiya da zai canza tsakanin wasa da wasa.